Sista Zakiyya Abarshi da Kalmar da Ta Hana Mu Wasa da Ita

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Abdulfattah ya kira ni. Ina ɗauka na ji ya fara da salati, sai na nemi wuri na zauna. Mahaifiyarsa, Hajiya Zakiyya Abarshi, wadda duk Birnin Gwari aka sani da Sista Zakiyya, ta amsa kiran Ubangijinta a gidanta da ke Magajin Gari, bayan jinyar wata huɗu. Shekararta sittin da uku. Na Allah muke, komawarmu kuma gare shi take. Bayan la'asar muka raka ta makwancinta ana yayyafi.

Sista, shekara talatin da biyar kika yi kina aikin jinya. Goma sha uku daga ciki ina ƙarƙashinki, kuma ba ni da abin alfahari a aikina da ya wuce a ce ke kika rene ni.

A 2009 aka turo ni, ina sabon fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya, zuwa ƙaramin asibitin da kike shugabanta a wani ƙauye da ke bakin daji. Ɗaki uku ne, gado huɗu, da rijiya a baya. Na zo da farar riga mai guga da Turanci cike da baki. Mu ma'aikatan asibiti muna da wata magana da muka aro, har yau ana yin ta: in an ga marar lafiya sai a ce "an yi attending ɗinsa."

Wata ranar kasuwa layi ya kai har gindin darbejiya. Wata Bafillatana mai suna Huraira ta zauna gabana, kanta a sunkuye, ta ce jikinta zafi. Na ba ta maganin zazzaɓi, na kira na gaba. Kina fitowa daga ɗakin haihuwa kika hango ta tana tafiya tana dafa bango. Kika tambaye ni me ke damunta.

Na ce, "Ai na yi attending ɗinta, Sista."

Kika bi bayanta. Kika kamo hannunta, kika shigar da ita ciki, kika ja labule, na ji kina yi mata Fillanci a hankali. Ashe kwananta biyar da haihuwa a ruga, jini bai tsaya ba, mahaifa kuma ta fara ruɓewa. Kunya ce ta hana ta faɗa wa namiji, ni kuma ban tambaya ba. Da ta koma daji da ƙwayoyin da na ba ta, da wuya ta ƙara kwana biyu. Sati guda ta yi a gadonmu, ta tafi da ƙafarta da jaririnta a baya.

Sai da layi ya ƙare a ranar kika kira ni bakin rijiya, inda ba mai jin mu.

Kika ce, "Bilyaminu, Turancin nan naka guntule shi ka yi. In Bature ya ce attend kawai, halarta yake nufi, kamar yadda ake halartar taro ko ɗaurin aure. Ka je, an gan ka, ka tafi. In ya cika ta ya ce attend to, to ajiye komai za ka yi ka fuskanci mutum, ka ji damuwarsa, ba za ka ɗaga ba sai buƙatarsa ta biya. Kai yau halarta ka yi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yini ba. Washegari kika kafa mana doka: ba wanda zai ƙara furta kalmar a asibitinki sai in zai iya faɗin abin da ya kawo marar lafiya, da abin da ya ɓoye da farko, da wanda zai kula da shi in ya koma gida. Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki suka sa miki suna Sista Atentu. Kin san da sunan. Wata rana ma kika amsa shi, ɗalibar da ta yi suɓutar bakin ta kusa nutsewa ƙasa.

Ba zan ce ba ki da faɗa ba. Kina da shi, kuma ba kya rage murya don babba na wurin. Amma wanda kika yi wa faɗa da safe, shi kike turo wa kwanon dambu da rana.

Da daji ya lalace, 'yan bindiga suka fara tare hanya suna korar mutane daga gonakinsu, ma'aikata da yawa suka nemi canjin wurin aiki, kuma ba mai ganin laifinsu. Abdulfattah ya nemo miki gurbi a Kaduna, ya zo da takardar har ƙauye. Kika karanta, kika ninke, kika mayar masa, kika ce in matan ƙauyen sun daina haihuwa ya dawo da ita.

Akwai safiyar da ba zan manta ba, cikin damina. An buɗe wa manoma wuta a gona, aka kawo mana mutum shida a kan babura. Muna cikin tsayar da jini sai ga na bakwai, wani dattijon makiyayi mai suna Hammadu, harsashi a cinya. Shanunsa aka kora, ya bi sawu, aka harbe shi. Mutanen da suka taru a tsakar asibiti, waɗanda 'yan'uwansu ke kwance cikin jini, suka tare ƙofa. Wani ya ce ba za a shigar da shi ba, ai irinsu ne suka yi ɓarnar.

Kika fito, safar hannunki jina-jina, kika tsaya a bakin ƙofa. Kika kira mai maganar da sunansa, kika tuna masa cewa ke kika karɓi haihuwar 'ya'yansa uku. Sannan kika ce, "Duk wanda ya shigo nan da ciwo nawa ne har ya fita. Mai son taɓa shi ya fara da ni. Nu'uman, kama mini ƙafarsa."

Nu'uman, mai maganar nan, wanda ƙanensa ke kwance a ciki, ya sunkuya ya kama. Aka buɗe hanya. Da hantsi kika shiga bayan akori-kura da mutum uku mafi jin jiki, kina riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama har asibitin cikin gari, a kan hanyar da direbobi suka ƙi bi ranar. Mutum ɗaya muka rasa cikin bakwai. Kin yi kuka a kansa kamar ɗan cikinki.

Kika yi ritaya a 2022, amma zauren gidanki bai huta ba. Masu awon hawan jini, da matan da aka koro daga ƙauyuka suna zaune a gidajen dangi, duk nan suke zuwa.

Kwana tara kafin rasuwarki na zo duba ki. Ciwon ƙoda ya cinye ki, magana da ƙyar. Na durƙusa na gaishe ki, na fara neman gafara. Kika buɗe ido, kika dubi farar rigata, kika ce, "Yau ba Lahadi ba ce ko? Kai ke da aiki. Wa ka bari a asibiti?" Na ce abokiyar aikina Raudatu na can. Kika ce, "Ita kaɗai? Na yafe maka. Tashi ka koma." Na tashi na koma. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ya Allah, ga baiwarka Zakiyya ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Duk ran da ta tsaya a kansa, duk jaririn da ya faɗo a hannunta, ka sa su a mizaninta, ka haɗa ta da iyayenta a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abdulfattah da ƙannensa Karima da Hamza, da ƙanwarta Hajiya Muslimat da ta yi jinyarta, da dukkan zuriyar Malam Abarshi, da abokan aikinta na gari da ƙauye. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Bilyaminu Auta
Birnin Gwari