Na San Ka, Kawu Firmin

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe biyar saura na yamma, Allah ya karɓi ran Firmin Decaluwe, mutumin Oostende, garinmu na bakin teku, yana da shekara sittin da takwas. Ya faɗi ne a wani gidan caca da ke tsallaken iyakar Jamus, ya cika a motar asibiti. An gaya wa iyalinsa cewa wani baƙo ne ya riƙe masa hannu. Ni ne baƙon, kuma saboda wannan kalma na zauna rubutu, duk da cewa alƙalami ba sana'ata ba ce.

Kawu Firmin, a rumfar gwanjon kifi ka tsince ni. Na bar makaranta ina shekara sha shida, ina tura akwatuna. Ka lura ba na rubuta komai, amma duk amalanken da ya wuce na san akwati nawa ke kai. Ka tambaye ni ko na iya karta, na ce a'a. Ka ce madalla, wanda ya iya shi ne mai wuyar koyarwa.

Wata takwas muka yi a teburin kicin ɗinka. Shekara ashirin ka yi kana raba karta a jiragen ruwa masu zuwa Ingila, don haka hannunka ya fi idona sauri. Wasan ashirin da ɗaya ne. Ƙaramar karta ta fito in ƙara ɗaya a raina, babba ta fito in rage ɗaya. In lissafi ya hau, manyan karta sun taru a akwatin da ake rabawa daga ciki ke nan, sa'a ta juyo wajen mai wasa. Ka kan ƙure rediyo, ka sa Gwaggo Godelieve, matarka, ta riƙa buga tukwane tana tambayata labarin uwata, don in saba riƙe lissafi cikin hayaniya. In na ɓata, ba ka tsawa. Sai ka tura mini kwanon miyar kifi ka ce, "Ci, ɗan kifi. Kai mara abinci ba ya ƙirga."

Aikina shi ne in zauna in sa kuɗi kaɗan, in yi shiru, in ƙirga. In lissafi ya yi kyau, sai in mayar da kofin shayina hagu. Kai kuma ka taho da rigar attajiri, kana surutu kamar ka sha, ka zuba kuɗi masu nauyi. Maarten, na ukunmu, yana wani tebur da irin aikina. Ba sata muke yi ba, doka ba ta hana mutum tunani. Amma gidan caca in ya gane ka, hotonka zai zaga ƙasa ƙasa, ƙofofi su rufe. Shi ya sa ka kafa mana doka ɗaya da ta fi sauran: daga mun shiga, ba mu san juna ba. Ba kallo, ba gaisuwa. Titi biyu kafin mu isa kake sauke ni daga mota. Ka ce ko wuta ta kama rigarka, in bar ma'aikata su kashe.

Tsoro ne abokin wannan sana'a. Kyamara na bisa kai kamar idon da ba ya ƙiftawa. In mai kula da tebura ya ɗaga waya, sai in fara neman ƙofa da ido. Har yau in wani ya taɓa kafaɗata ta baya, ko a layin biredi ne, sai in ɗauka an gane ni.

Kai da ka kafa dokar, kai ka fara karya ta. Shekara biyu da suka wuce, a wani gari na bakin teku a Faransa, ƙarti biyu suka tashe ni daga tebur suka kai ni wani ɗaki mara taga. Suka karɓe wayata, suna tambaya da wa nake aiki. Na riƙe dokarka. Can sai na ji ana dukan ƙofa. Muryarka ce, ba maye a cikinta. Ka ce ni ɗan 'yar'uwarka ne, ko su buɗe ko su kira 'yan sanda, kai ma ka matsu ka gan su. Ranar suka ɗauki hotonka, Faransa duka ta rufe maka. A mota na ce, Kawu, ina dokar? Ka ce, "Dokar ta kuɗi ce. Kai ba kuɗi ba ne. Rufe mini baki ka sa bel."

Wannan magana ce take hana ni sukuni.

Ranar Talatar, lissafi ya kai tara. Na mayar da kofi hagu. Ka zo ka zauna kujera biyu daga gare ni, kana yi wa mai raba karta ba'a. A zagaye na uku na wasan, na ga yatsunka sun kasa ɗaukar abin da ka ci. Leɓenka ya yi toka. Ka dafa ƙirji, ka sulale ƙasa.

Ma'aikata suka taru. Wata mata cikinsu ta durƙusa ta kwance maka wuya, ta ɗaga kai ta tambaya ko akwai wanda ya san mutumin nan, ko yana shan wani magani. Na sani. Na san 'yar kwalbar da kake fesawa ƙarƙashin harshe tana aljihun ciki na kwat ɗinka, kwat ɗin kuma yana wajen ajiyar riguna a ƙofa. Da idona na ga ka sa ta a aljihun tun muna cikin mota.

Na dubi Maarten, ya girgiza kai a hankali. Na dubi sama, ga kyamara. Na zauna. Matar ta sake tambaya, na zura wa kartata ido. Kaina da ka horar bai daina aiki ba, ya koma ƙirga daƙiƙa. Ɗari biyu da sha biyu. Ba zan rage ko ɗaya ba, kai ka koya mini kada in yi wa lissafi ƙarya. Sai a lokacin ƙafafuna suka ɗauke ni. Na faɗi sunanka da ƙarfi, na ce a kawo kwat. Ka buɗe ido ka gan ni a kanka. Ban sani ba ko mamaki ne a fuskarka, ko kana tambayar inda na tsaya.

Na shiga motar asibiti tare da kai, hannunka a nawa har ka cika. Likita ya ce jijiyar zuciya ta riga ta toshe, kwalbar ba za ta yi wani abu ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila tausayina ya ji. A asibiti da suka nemi sunana don su gaya wa iyali, tsoro ya sake kama ni, na ce wucewa kawai nake yi.

Ranar jana'iza na tsaya can bayan coci. Gwaggo Godelieve ta hango ni, ta kama hannuna ta ce, "Wannes, ina kake ranar? An ce baƙo ne ya riƙe shi. Shekara arba'in yana ɗebo 'ya'yan mutane yana ciyarwa, a ce ya tafi ba fuskar da ya sani?" Na zare hannuna na fita. Kwana tara ke nan ina zuwa bakin titinku ina juyawa. Na shiga ɗaki mara taga na fito, amma ƙofar kicin ɗin nan ta fi ƙarfina.

Gwaggo, ga amsar. Bai tafi a hannun baƙo ba. Ina wurin, na makara, na kuma faɗi iyakar makarar. In kin karanta kika rufe mini ƙofa, ba ki zalunce ni ba. Maarten ya ce in wannan takarda ta fita da sunana, na gama zama a kowane tebur daga nan har Denmark. Na sani. Amma ba zan goge ba.

Ubangiji ya jiƙan ka, Kawu Firmin. Ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da ƙofar da ka daka domina, ya buɗe maka tasa ba tare da jinkiri ba. Allah ya ba Gwaggo Godelieve haƙuri, da 'yarku Annemie, da jikokinka biyu, ya tsare musu bayanka. Ni kuma ya cire mini tsoron da ya zaunar da ni a kujera.

Gobe da ƙarfe goma zan ƙwanƙwasa, Gwaggo.

Matar da ta yi tambaya ranar, ga amsarki: na san shi. Kawuna ne.

Wannes Verleye, Oostende