Tafin Ƙafar Kawu Nomau

Ku da kunka san Kawu Nomau bakanike, yayan innata Hajo, kun san bai taɓa shiga mota da takalmi ba. In ka kawo mishi mota tana kukan ƙafa, ko kallonta ba ya yi. Sai ya tuɓe silifa ya miƙa wa duk wanda ke kusa, ko da liman ne, ya shige baya, ya kafa tafin ƙafarshi bisa ƙarfen ƙasa, ya ce, "Ja mu tai." Kunne kam injin niƙa ya cinye mishi tun yana saurayi, sai ka yi magana kamar mai kiran wanda ke hayin gulbi. To amma ƙafar nan! Da ita yake jin abin da ke damun mota. Ita ce kuma munka daɗe muna roƙon ya bari a kai wa likita Sakkwato, yana ce mana gobe.

Aikinshi guda ne, bushin. In akwai wanda bai san shi ba, ɗan roba ne da ke zama tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙafar mota, kamar gammo tsakanin kai da tulu. In ya mutu sai ka ji ƙwas-ƙwas cikin gargada, ka taka birki mota ta karkata gefe, taya ta riƙa cinyewa ta ciki. Wurin gwajinshi wani lungu ne bayan kasuwar Sabon Birni, wanda shanu sunka tattake da damina ya bushe a haka. Ranar da samarin unguwa sunka yi gayya za su cike ramukan da jar ƙasa, Kawu ya fito da liba, ƙarfen ɓanɓare taya, a hannu yana huci.

"Kai ɗiyan ga! Wa ya aike ku? Ni na taɓa zuwa gonar ubanninku na rufe rijiya?"

Sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Anka gyara rabin lungun, anka bar mishi rabi. Har yau 'yan kabu-kabu na tsine wa wurin.

Kar ku ce kuma bai kuskure. Yana yi, amsawa ce dai bai iya ba. Akwai wani Alhaji mai fataucin hatsi daga Burkusuma da ya zo ranshi a ɓace, wai an sauya mishi shokazoba a tsallaken iyaka, ƙara na nan. Kawu ya tuɓe, sunka shiga lungu, ni ina gaba. Ga ƙara kuwa, gwaf, gwaf. Kawu ya lumshe ido ya ce, "Baya, hannun hagu. Bushin ya riga mu gidan gaskiya."

Alhaji ya ce, "Ko dai a ƙara sa sabon shokazoba?"

"Alhaji, in gwiwarka na ciwo, hula kake sayowa?"

Munka wuni ƙarƙashin mota. Anka sauya, anka koma lungu, gwaf, gwaf, kamar ba a taɓa ba. Na je na buɗe but, sai ga taɓarya sabuwa fil da Alhaji ya sayo wa iyali ya manta, tana ta birgima tana dukan ƙarfe. Wayyo, dariya har da su faɗuwa ƙasa! Kawu ya ɗauki taɓaryar nan, ya juya ta, ya auna nauyinta a hannu, ko murmushi babu.

"To mi? Da bushin na da lafiya, da ta samu wurin rawa?"

Har ya bar duniya bai janye wannan magana ba.

Sabon bushin kuwa bai saye. Tsohuwar tayar tirela yake yankawa ya sassaƙa nashi da wuƙa, wai robar kwali ta 'yan birni ce, ba ta san hanyar Gatawa ba. Wannan ya sa kullum suna cikin tsiya da Lamidi, Bayaraben da ke sayar da kayan mota a bakin tasha. Kawu Bagobiri ne, kun dai san wasan Bagobiri da Bayarabe, ba a shiga tsakaninsu. Lamidi ya leƙo ya ce, "Bawana, ka kashe mini kasuwa da takalmin talakawa." Kawu ya ce, "Koma rumfa, bawa ba ya magana ubangijinshi na aiki." In an jima ka gan su kwano guda suna shan fura.

Sai kuma dokarshi ta ɗauri. Ba a ɗaure bushin mota na bisa jak, sai an sauke ta ta ɗauki nauyi, in ba haka ba robar murɗewa take ta yage. Wannan kam gaskiya ne, ni direba ne, na gani. Amma Kawu ya ce motar ƙasarmu ba ta tafiya da mutum biyar kawai, don haka nauyin gaskiya za a ɗora mata. Sai ya aika a kira Na'Allah mahauci, wanda duk garin ba mai tumbinshi, a ƙara da mai shayi da duk wanda tsautsayi ya biyo da shi. Wata rana har wani baƙo mai tambayar hanyar Tozai anka cusa a ciki. Mutumin na ta faɗin, "Malam, ni fa sauri nake!" Kawu daga ƙarƙashi ya ce, "Zauna daidai, kana karkata mini aiki." In Na'Allah ya yi tafiya kuwa, mota kwana take bisa duwatsu tana jiran ya dawo.

Wajen yankan tayar tirelar nan ne wayar da ke cikinta ta soke shi a dunduniya. Bai ma sani ba, sai da matarshi Inna Ige ta ga jini bisa tabarma. Ashe ciwon suga ya daɗe a jikinshi. Kawu ya zuba wa wurin man birki, ya ɗaure da tsumma, ya koma aiki. Ma'aikacin asibitin garinmu ya wanke, ya ce wannan sai Sakkwato, kuma kar a jima. Daga nan munka shiga gobe. Yau akwai motar wane. Gobe Na'Allah ba ya gari, ba a barin aiki rabi. Wani lokacin kuma ba laifinshi ba ne, labari ke zuwa an tare hanya, ko mai lafiya ba ya fita, sai mu zauna muna kallon ƙafa tana kumbura. In na matsa mishi ya ce, "Ɗan Hajo, za ni. Na ce za ni. Ƙafar da ke ciyar da gida za a miƙa wa yaro mai almakashi haka kawai?"

Tsoro yake ji, yanzu na gane. Mu kuwa muna ɗauka taurin kan nan ne da munka saba yi wa dariya.

Lamidi ne ya karya gardamar. Wata safiya ya rufe rumfa, ya zo da Na'Allah, ya ce, "Bawana ba ya mutuwa sai da izinina. Ɗauke shi." Sunka cicciɓe shi yana zagin kakannin Yarbawa, sunka sa a bayan motata. Inna Ige ta shiga gefenshi da ƙullin kaya, Lamidi ya zauna gaba kusa da ni.

To motar tawa a lokacin ƙafarta ta lalace. Tunda Kawu ya kwanta ban bari kowa ya taɓa ta ba. Muna barin kwalta mai kyau munka faɗa gargada, sai ta fara, ƙwas-ƙwas, gwaf, har cikin haƙorana nake jin ta, sitiyari na rawa a hannuna. Na duba madubi. Ga shi ya kafa ƙafafun nan biyu a ƙasa yadda ya saba, guda cikin tsumma, ya lumshe ido. Na shirya shan zagi, wallahi har daɗi nake ji, don an kwana biyu bai zage ni ba.

Munka yi tafiya mai nisa. Can ya buɗe ido, fuskarshi ba daɗi, irin ta mai kishi.

"Ɗan Hajo, wa ka kai ma motar ga?"

Na ɗaga murya na ce, "Mi ka ji, Kawu?"

"Ban ji komi ba. Lumui take tafiya. Wa ya yi maka wanga aiki?"

Lamidi, mutumin da bakinshi ba ya rufuwa, ya juya fuska waje. Inna Ige ta ja mayafi ta rufe baki. Motar kuwa kamar za ta rabe biyu. Na ce, "Aikinka ne, Kawu. Tun na bara."

Ya gyara zama, ya saki fuska. "Awo. Ni ma na ce. Wanga aiki sai ni."

A Sakkwato likita ya kwance tsumman, ya dube mu, ya ce da mun zo tun da wuri da dunduniyar kawai za a taɓa. Ciwon ya riga ya shiga jini. Bai yi mako ba. Can munka yi mishi sutura, Lamidi na tsaye bakin kabari yana kuka kamar yaro, ba wanda ya iya ce mishi ya bari.

Abin na ci mini rai, ba na ɓoyewa. Mutum guda ya sa gari dariya shekara da shekaru, ranar da ya ji tsoro ba wanda ya gane. Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya sa jinyar da ya sha ta zame mishi kaffara, ya yalwata makwancinshi. Inna Ige kuma, Allah ya ba ta haƙurin zama gidan da ya yi shiru. Amin.