Hajjo, Yarinyar da Ke Zama Kura

A gidanmu na Yako, lokacin kaka hira ta fi daɗi. Da an ci tuwon magariba, Iya Dudu, kakarmu ta wajen uba, za ta ja tabarmarta kusa da murhu ta tura ɗanyar gyaɗa cikin toka mai zafi. Bafulatana ce daga rugagen gefen Falgore, aure ya kawo ta cikin manoma. Mu jikoki mukan kewaye ta, ido a kan gyaɗa, kunne a bakinta.

Shekarar da nake aji huɗu a firamare, yayata Rabi ta yi hutu a Kwanar Dangora, gidan Kawu Sule mai talabijin da bidiyo da ɗan janareto. Ta dawo baki cike da labari. Akwai wasan Turawa da ake nunawa duk mako, na 'yan makarantar sakandare, a cikinsu da wata yarinya mai rikiɗa ta zama dabba in wata ya cika. Akwai kuma fim ɗin wani ɗan sanda da ya sha wahalar neman mai kashe mutane, ashe abokin aikinsa ne.

Ni ban ga ko ɗaya ba, amma hakan bai hana ni gardama ba. Na ce na ɗan sandan ya fi, tunda abu ne da zai iya faruwa. Rabi ta ce ban san komai ba, na 'yan makarantar ya fi, don duk sanda yarinyar ta fara rikiɗa sai ka ji tsigar jikinka ta tashi, kuma tana ba ka tausayi.

Iya tana juya gyaɗa da tsinke, tana sauraro. Can ta ce, "Ke Rabi, ita yarinyar, uwarta ta sani?"

Rabi ta ce ba a nuna ba.

"To in gari ya waye ta dawo mutum, wa ke ba ta ruwan wanka? Wa ke wanke mata kaya?"

Shi ma ba a nuna ba. Iya ta girgiza kai. "Ashe Turawan nan wurin da labari yake suke tsallakewa. Ku matso, ga tawa nan tafe."

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Ta ce a wata ruga kusa da daji an yi ƙawaye biyu, Hajjo da Boɗɗo, tare suke tallan nono. Hajjo tana da wani abu da ba ita ta roƙa ba: in wata ya ɓuya, sai ta zama kura. Ba ta taɓa dabbar kowa, mushe take nema a daji, kafin asuba ta dawo. Boɗɗo kaɗai ta sani, ita ke ajiye mata zane da ruwa a bayan bukka.

Ana nan sai maruƙa suka fara ɓacewa daga garke. Zargi ya faɗa kan wani dattijo da yake kiwon shanun Arɗo, shugaban rugar. Aka yanke cewa za a karɓe 'yan shanunsa a kore shi. Ita kuwa Hajjo ta san ɓarawon, domin tana cikin siffar kura ta ga ƙanin Arɗo yana jan maraƙi zuwa wani kwazazzabo. Ta gaya wa Boɗɗo.

Nan Iya ta tsaya ta raba mana gyaɗa. Ta ce, "In ta faɗa, za a tambaye ta me ya kai ta daji a duhu. In ta yi shiru, tsoho ya tafi a banza. Ku me za ku ce mata?"

Na ce ta faɗa. Rabi, wadda ta fi ni tunani, ta ce, "Ni dai ba na so a gane ta."

"Haka Boɗɗo ta ce," in ji Iya. "Har da kuka."

Amma Hajjo ta je gaban Arɗo ta durƙusa ta faɗi abin da ta gani, da kuma yadda aka yi ta gani. Aka bi ta kwazazzabon, aka tarar da maruƙa a ɗaure. Dattijo ya tsira da shanunsa. Ƙanin Arɗo ya sha faɗa, aka rufe maganar a cikin gida. Hajjo kuwa, mutane suka ce ba za su kwana ruga ɗaya da kura ba. Aka raka ta bakin daji. Daga ranar, kullum la'asar Boɗɗo takan kai ƙwaryar fura gindin wata tsamiya, da safe ta ɗauko ta a wanke. Haka ta yi ta yi har aure ya ɗauke ta zuwa gari mai nisa.

"Nan tawa ta tsaya," in ji Iya.

Muka ƙi yarda. Rabi ta ce a talabijin mai gaskiya ne ke cin nasara. Na tambayi wa ya ci gaba da kai furar bayan Boɗɗo ta tafi. Iya ta dubi wuta. "Shi ne abin da ni ma ban sani ba, Asabe." Ta miƙe ta ɗauki butarta, an kira isha.

Iya ta rasu ina shekarar ƙarshe a sakandare. Cikin masu gaisuwa akwai wata tsohuwa da ta zo daga Falgore a bayan babur. Ina zuba mata ruwa na ji tana gaya wa babarmu cewa a ƙuruciyarsu an yi wa wata yarinya ƙazafin maita bayan ta tona asirin wani mai ƙarfi, aka kore ta, kowa ya guje ta sai Dudu. Na durƙusa na ce, "Inna, ya sunan yarinyar? Ina ta ƙare?" Ta ce sunan ya ɓace mata, kuma ba wanda ya sake jin ɗuriyarta.

Yanzu ina da 'ya'ya mata, su ma suna son irin waɗannan wasannin na masu rikiɗa, kuma nakan zauna mu kalla tare. Na gane abin da ya ja Rabi: mai ɓoye abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba ya fi dodo taɓa zuciya. Na kuma gane cewa mutane sukan yafe wa wanda ya cuce su in nasu ne, su kori wanda ya cece su in suna tsoronsa. Da ina ƙarama na ɗauka Hajjo Iya take so mu zama. Yanzu ina ganin ta san ba kowa ne zai iya ba. Abin da take roƙo shi ne, in an kori wani, a samu ko mutum ɗaya da zai bi shi da ƙwarya. Ta yi shekara da shekaru tana ba mu tatsuniyoyi, amma wannan sau ɗaya ta faɗe ta, kuma ita kaɗai ce a cikinsu da mai ba da ita ba ta san ƙarshenta ba.