Daɓen Falona a Tamanrasat

Saboda rana guda na gina falon nan, ranar sunan jikana na fari. Ni 'yar Maraɗi ce, amma a Tamanrasat na tsufa, ina sayar da atamfa da turaren wuta tun mijina yana raye. 'Ya ɗaya gare ni, kuma a wajenmu haihuwar fari a gidan uwa ake yin ta, nan ake wankan jego, nan mata ke taruwa ranar suna. Babu gidan 'yan Nijar a unguwarmu da ban tuƙa tuwon biki a cikinsa ba. Da cikin 'yata ya fito sai na ce layi ya zo kaina, kuma ba a kan siminti mai ƙura zan zaunar da matan nan ba. Karo zan shimfiɗa, wato tayil, farare masu sheƙi irin na gidajen Larabawa.

Wanda ya yi aikin ɗan ƙanwar Alhaji ne, dattijon da muke kai wa duk wata rigimarmu. Alhaji da ƙafarsa ya kawo mini shi. Mutumin ya daɗe yana kwaɓa wa wani magini Balarabe siminti, ya ga yadda ake yi, sai ya ɗauka shi ma ya iya. Na so in tambayi inda ya taɓa shimfiɗa karo, amma wa zai titsiye ɗan gida a gaban kawunsa? Na haɗiye tambayata, na ce Allah ya ba da sa'a.

Da ya gama, falo ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Na riƙa wanke shi yadda kowa ke yi a garin nan: a kwarara bokitin ruwa, a ja shi zuwa ƙofa da sanda mai roba. Ba a daɗe ba na fara jin ƙwas-ƙwas idan na taka. Da sanyi ya shigo, wata safiya muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Tsakiyar falon ta tashi ta yi tozo, karo ya tsage. 'Yata ta fito da tsohon cikinta don ta ga abin da ya faru, ta yi tuntuɓe, fasasshen karon ya yanke ta a ƙafa. Da ban riƙo ta ba, a kan cikin za ta faɗi.

Ranar na tafi wajen Alhaji raina a ɓace. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "Hajiya, an ce mini ruwa kike kwarara mishi kamar 'yan ƙasa. Yo mu a gida wa ke yi ma daɓe wanka? Yayyahi ake a share. Ku mata in kunka daɗe wuri sai ku ɗauki halin mutane."

Na ce, "Alhaji, gidajen Larabawa kullum ruwa ake zuba musu, mi ya hana nasu tashi?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, ki shimfiɗa darduma a bisa. A rufa ma juna asiri."

Darduma! Ƙafar 'yata tana ɗaure da tsumma, ni kuma in lulluɓe ɓarnar in yi murmushi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kafin sati ya zagayo maganar ta gama unguwa, wai Hajiya ta zama Balarabiya har ta jiƙa ɗakinta ya lalace, tana neman wanda za ta ɗora wa.

Maƙwabciyata, wata Buzuwa 'yar Tahifet, ita ta ba ni shawara. Ta ce akwai masu duba gini da ake kira habir, ba na mai gida ba ne, ba na magini ba ne, abin da suka gani shi suke faɗa. Na nemo ɗaya. Na aika wa Alhaji ranar da zai zo, na ce ɗan ƙanwarsa ma ya zo a yi komai a gabansa. Ban ɓoye wa kowa ba.

Sai dai habir ɗin ya zo ne a farar mota mai rubutu a ƙofa. Samarinmu da ke zama a bakin titi suna jiran aikin lebura, yawancinsu ba su da takardu. Suna hango motar ta kwano unguwa suka watse, wasu har da tsallake katanga. Shi kuwa bawan Allah bai ma lura ba. Ya cire takalmi, ya zagaya falon yana ƙwanƙwasa karo da ɗan ƙarfe. Ya ɗaga guda ya kira ni in gani. A ƙarƙashinsa siminti ɗan guntu a kowace kusurwa, ɗan guntu a tsakiya, sauran duk rami. Ya nuna mini gefen bango, ya ce an matse su ba a bar musu wurin motsi ba, alhali garin nan rana ta gasa, sanyi ya daskare. Na tambaye shi maganar ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Hajja, daɓen da ba ya son ruwa ai ba a gama shi ba."

Na ji sanyi a raina, amma bai kai la'asar ba. Mai aikin bai zo ba. Da ya ji labarin motar, ya ɗauka jandarma na kawo masa, ya tattara kayansa ya bi babbar mota zuwa kudu. Na koma wajen Alhaji na faɗa masa abin da aka gano. Bai musa ba. Ya ce, "Gaskiya taki ce, Hajiya. Amma mu nan baƙi ne, ba mu kai junanmu waje. Allah shi sa albarka." Ko kallona bai yi ba.

Wani magini ya ɓalle karon duka ya sake shimfiɗa shi. Har yau ko ɗaya bai motsa ba. A kasuwa kuwa gaisuwa ta gajarce. Matan da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya suka koma "lafiya lau" su wuce. Babu wadda ta tambayi ƙafar 'yata. Wanda ya yi ɓarna ya zama abin tausayi, ni na zama azzaluma, kuma har gobe ban ga laifin da na yi ba.

'Yata ta haifi namiji. Ranar suna na tashi na dafa abinci tukunya-tukunya, na turara falo, na jera matasai. Buzuwa ta zo da wata 'yar'uwarta. Matan Larabawa biyu suka leƙo suka yi barka. Namu kuwa, wasu sun aiko da sabulu, wasu ko shi babu. Duk motsin da na ji a ƙofa sai in miƙe in gyara mayafi. Har rana ta yi sanyi, miya ta yi fata a tukunya.

'Yata tana zaune a tsakiyar falon da jariri a cinya, ta ci kwalliya, lallenta ya kama. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi wurin nan fayau, sannan ta dube ni ta ce, "Inna, da kin shimfiɗa dardumar."