Ruwan Dare Ya Raba Ni da Ƙanena

A shekarun da nake ba da labarinsu, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Hasahisa, ina noman hawasha guda, wato gonar ban ruwa, tare da ƙanena. Ni mutum ne mai yawan fargaba. Ina tsoron ruwa ya fasa kunya ya shiga gonar maƙwabci in ɗauki alhaki, don haka na hana kowa ban ruwan dare, na ce ni kaɗai zan yi. Sai in dawo bayan asuba, in toshe taga da buhu, in kwanta har azahar. Ko ranar da ba mu da ruwa, barcin dare ya daina zuwa mini.

Daga nan zuciyata ta yi nauyi, abinci ya fita raina, ina kuka ba dalili. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanena. Daga kan gado ina jin sa a tsakar gida yana shan shayin safe, yana wasa da ’ya’yana, matata tana dariya. Shi ga barci, ga fara’a, ga ƙiba. Har sallarsa nake wa hassada, don shi alwala ɗaya yake yi, ni sai na maimaita. Wata rana na fito na ce masa ya cinye mini gida, ya nemi wani wuri. Bai musa ba, ya kwashe kayansa ya koma garin Managil.

Da abin ya tsananta, kawuna ya kai ni wurin likita. Na zaci zai tambaye ni wa ya ɓata mini rai, sai ya tambaye ni yaushe nake barci, yaushe rabona da ranar hantsi. Ya ce ciwon damuwa ne, kuma jiki yana da nasa lokutan, ni na birkita su. Ya ba ni magani, ya ce in kwanta bayan isha, in tashi da asuba ko ban yi barci ba, in zauna a hasken safe, a raba ban ruwa da wani. A hankali na dawo hayyacina.

Sai daga baya matata ta gaya mini cewa ƙanena yakan tara yaran a wurin shayi ne don kada su shiga ɗaki su tashe ni. Na je Managil na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma bai dawo ba.

’Yan’uwa, in barcinku ya juya kuma kuka fara jin haushin mai dariya, ku nemi likita kafin ku buɗe baki. Ni yanzu kullum ina shan shayi a rana, a daidai inda ƙanena yake zama a da.