Shirun da Kaka ta ji

Assalamu alaikum. Ni ce Hadiza, ƙanwar Rabi. A shafinta nake rubutu, don ni ban da waya.

Tun bara ƙawayena na lakwal, wato makaranta, suke tambayarta ina na shiga. Ni na hana ta faɗa, don kunya nake ji. Yau na ce ta ba ni in faɗa da kaina.

Minshari nake yi. Tun ina firamare abin ya soma, amma da na shiga kwaleji ya yi ƙarfi har maƙwabta suna ji. A wajenmu, a ce budurwa tana minshari abin dariya ne. Inna ta gyara mini ƙaramin ɗakin da ake ajiye gero, ta ce in riƙa kwana a can ni kaɗai, kada maganar ta fita gari. Don ta rufa mini asiri ta yi.

Ko da bazara, lokacin da kowa yake fitar da tabarma tsakar gida, ni ina ciki ƙofa rufe.

Kullum da safe nakan tashi da ciwon kai, bakina a bushe. A aji barci yake sace ni da alƙalami a hannu. Wata rana Mushe, malamin lissafi, ya ce, “Hadiza, in gado kike so, gida ya fi.” Aka yi dariya. Ƙarshen shekara na faɗi. Baba ya ce in zauna gida, tunda kaina ba ya ɗauka.

Wannan ya fi komai yi mini zafi. Ina son lakwal.

Aka ce beli ne ya yi tsawo. Wanzami ya zo ya yanke shi, na yi kwanaki kunu ma da ƙyar yake wucewa. Minshari bai tafi ba.

Sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Damana cikin zafi. Ta ga ina ɗaukar tabarmata zan shiga ɗakin gero.

“Ke gero ce da za a kulle ki? Zo nan kusa da ni. Ni da na yi zama da kakanki, wane minshari ne zai ba ni tsoro?”

Da safe na tarar da ita zaune, ba ta ko taɓa kununta ba. Ta kira Baba ta ce, “Ba ƙarar ba ce ta hana ni barci, shirun ne. Ɗiyarga numfashinta tsayawa yake yi. Sai na kai hannu zan taɓa ta, sannan ta ja iska kamar wadda aka fiddo daga rijiya. Haka muka kwana.”

Inna ta zauna a ƙasa. Shekaru ina haka a bayan ƙofa, ba wanda ya ji shirun.

A asibitin Filinge suka auna ni, suka ce hawan jinina ya fi na shekaruna. Suka tura mu Yamai. A can aka ɗebi jini, aka leƙa hancina da maƙogwarona, aka manna mini wayoyi a ƙirji da yatsa na kwana da su. Na ji tsoro ƙwarai. Tsoron in yi minshari gaban baƙi ya ma fi tsoron allura.

Likitar mace ce. Ta ce hanyar iskata matsattsiya ce, in na yi barci sai ta rufe. Baba ya tambaye ta ko gado ne, don shi ma yana yi.

Ta ce, “Siffar haɓa da maƙogwaro ana gadonsu. Amma Malam, kai manomi ne. Iri ɗaya kake shukawa, shekarar ruwa da shekarar fari zangarniya ɗaya kake samu?”

Baba ya ce a'a.

“To haka abin da muka gada a cikin ƙwayoyin jikinmu yake. Irin bai canza ba. Amma in iska tana yankewa kowane dare, jiki sai ya riƙa tayar da ɓangaren kumburi da firgita, ya kwantar da na hutawa. In iska ta dawo, wani abin yana daidaituwa da wuri, wani sai a hankali. Akwai wanda har yanzu bincike ake yi a kai.”

Ban gane duka ba. Abin da na riƙe shi ne ba ragwanci ba ne. A mota muna komawa na yi ta kuka cikin hijabina.

Maganin na'ura ce mai hura iska ta abin da ake ɗaurawa a hanci, don hanyar ta zauna a buɗe. Tana da tsada. Baba ya kai bijiminsa kasuwa, kawuna ya cika. Kuran, wato wutar lantarki, kuma ba ya tsayawa a garinmu, sai da aka haɗa da fanon hasken rana da batir.

Farkon sawa ban so ta ba. Hancina ya bushe, igiyar ta yi mini zane a kumatu, sau da yawa nakan cire ta cikin barci. Kaka ta ƙi komawa Damana. In na cire ta mayar, tana cewa, “Matuƙiyar jirgi, a gyara zama.”

Wata safiya na farka kaina ba ya ciwo. Na daɗe zaune ina jira ya zo, bai zo ba.

Ban rabu da na'urar ba, wataƙila kuma ba zan rabu da ita da wuri ba. Amma jinina ya sauka. Da aka koma lakwal, Baba da kansa ya raka ni wajen darakta. Aji ɗaya nake maimaitawa da ƙannen ƙawayena, kuma ban damu ba.

Na gode wa Allah, da Baba, da kawuna, da likitar. Inna, ki daina neman gafarata, ƙauna ce ta sa.

In ɗanku yana minshari, ku zauna kusa da shi ku saurara. In kun ji numfashi yana tsayawa, ku kai shi asibiti kafin ku kira wanzami. Kada ku ce malalaci ne don yana gyangyaɗi da rana.

Bazarar bana a tsakar gida na kwana, Rabi ta ja mini wayar na'urar daga batir har tabarma. Kaka kuwa ta matsar da tata tabarmar kusa da ƙofar Baba. Ta ce yanzu shi take saurare.