Ranar da Muka Tono Ƙafata

Da aka sayar da gidan da muke haya a bayan kasuwar Katako, kowa ya kama abin da zai ɗaure. Matata ta fara da tukwane. Ƴarmu ta aiko cewa akwai ɗaki a wurinta a unguwar Saga, mu taho. Ni kuwa ina zaune a tabarma ina kallon gindin lemun tsamin tsakar gida, domin a nan ƙafata ta dama take kwance.

Ciwon suga ne ya ci ta, daga babban yatsa ya yi ta hawa. A lopital likitoci suka yanke ta sama da gwiwa, suka naɗe, suka miƙa wa ƙanena, suka ce a je a binne. Da wani ne, maƙabarta zai wuce. Ƙanena direban taksi ne, kullum sauri yake, sai ya biyo gida, ya tona ɗan rami a gindin lemo, ya cusa ta, ya koma aiki. Da na farfaɗo aka ce mini an yi mata sutura. Ban tambayi wanda ya ja salla ba. Sai daga baya na ji inda take kwance.

Tun daga nan ba ta bar ni na huta ba. Likita ya yi mini dogon bayani da faransanci, wai jijiya ce ba ta samu labari ba. Ni lakwal ɗina, wato boko, bai yi nisa ba. Abin da na sani shi ne dunduniyar da ba ni da ita tana zafi kamar an taka garwashi, gwiwar kuma kullum a lanƙwashe nake jin ta. Tela ne ni a da. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai ƙafar ta kama takawa a iska.

Matata tana da nata karatun, na tsofaffin Damagaram: in aka binne gaɓa a lanƙwashe, mai ita ba ya samun sauƙi sai an miƙe ta. Ta daɗe tana faɗa, ni ina cewa a bar mamaciya ta yi barcinta. To amma wanda ya sayi gidan, bene zai gina, har an jibge yashi da ƙarfe a ƙofa. In muka tafi muka bar ta, ko dai masu tonon tushe su watsar da ita a bola, ko su zuba mata siminti ta zauna a lanƙwashe har tashin ƙiyama.

Ranar ƙaura, kamyo, babbar motar kaya, ya zo da hantsi aka loda kaya. Aka aika wa ƙanena, ya zo da diga yana ɓata rai.

“Yaya, da girmanka, ƙashi za ka kai gidan suruki?”

“Kai ka ajiye, kai za ka ɗauko. A ina ka sa ta?”

“Nan ne. Ko kuwa nan.”

“Ka gani ko, Malam?” in ji matata. “Mutumin da ya manta inda ya sa ƙafar yayansa, shi mutane ke ba wa ransu a mota.”

Na jingina da bango a kan sanduna ina kallo. Na yi zaton gabana zai faɗi, ko hawaye su zo. Ba abin da ya zo. Kamar dai wani ake wa tono.

A rami na biyu diga ta taɓa wani abu. Ƙanena ya ajiye ta, ya durƙusa ya ci gaba da hannu. Ƙyallen ya ruɓe, saiwar lemo ta ratsa ta ko'ina. Ƙasusuwa ne jajaye, ƙanana, ba su kai yadda nake tunawa ba. Kuma a naɗe suke, ƙauri kwance a jikin guntun cinya.

“Ban faɗa ba?” Matata ta faɗa a hankali, ba da murna ba.

Ta shimfiɗa farin yadi daga ragowar shagona, aka tattara. A gaban kamyo na zauna, ƙunshin a kan cinyata, mai rai da mamaciya a wuri ɗaya. Ba nauyi. Muka tsaya a maƙabarta, katifu da tukwane suna jira a bakin hanya. Mai gadin wurin ya nuna mana gefe. Wannan karon ƙanena ya tona rami mai tsawo, ya jera ƙasusuwan a miƙe ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagowa yana tambayata da ido. Na ce ya yi, kamar na taɓa ganin cikin ƙafata.

Bayan la'asar muka isa Saga. Ɗakin yana kallon gonakin shinkafa, ƙofarsa da ɗan tudun da sai na koyi hawa. Aka zaunar da ni a tsakiyar ƙunshin kaya. Matata ta zo ta tsaya a kaina da buta a hannu.

“To, Malam? Yaya take?”

Na saurare ta. Dunduniyar tana kan garwashinta, gwiwar tana yadda take.

“Tana ci da wuta,” na ce. “Amma ta gode da shimfiɗa.”

Sai ta ajiye mini butar ta ɓangaren hagu, inda hannuna zai kai, ta tafi neman buhun da aka sa maganina.